Adireshin intanet na shagona iri ɗaya ne da na maƙwabcina, wanne ne nawa?

Tambaya daga wani mai shagon kayan gini a wajen Ƙofar Marusa, Katsina: "Na sa kyamarori a shago don in riƙa kallo ta waya daga gida. Yaron da ya haɗa min ya ce adireshin na'urar da ke ajiye hotunan 192.168.1.50 ne. In ina cikin shago yana aiki, da na fita sai ya ɗauke. Maƙwabcina ya duba rautarsa ya ga 192.168.1.1, irin nawa sak. Na shiga wani shafi mai nuna wa mutum adireshinsa, sai ya ba ni wata lamba dabam mai farawa da 102, ya ce wai ina Legas. Wanne ne nawa? Wa ke raba lambobin nan, kuma zan iya sayen nawa na kaina?"

Alhaji, yaron bai yi maka ƙarya ba, shafin ma haka. Lambobin biyu duk na gaskiya ne, sai dai babu wadda ka mallaka a cikinsu. Mai farawa da 192.168 kowa na da izinin amfani da ita a cikin gidansa. Mai farawa da 102 ta kamfanin layinka ce, kuma ina kyautata zaton ba kai kaɗai ke kanta ba. Akwai ta uku da ba ka gani ba tukuna, ita ce ma ta tare maka hanya. Ka yi haƙuri mu fara daga yadda aka gina lambar kanta, don in ba ka san wannan ba, duk wanda ya zo gyara zai karɓi kuɗinka ya yi ta taɓe-taɓe a rauta, wato akwatin da ke raba intanet a shagonka, ya tafi ya bar ka inda kake.

Irin wannan adireshi mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakani shi ake kira IPv4. An rubuta ƙa'idarsa a takardar RFC 791 a watan Satumba na 1981, aka fara aiki da shi gadan-gadan ranar 1 ga Janairu 1983. Kwamfuta ba ta ganin 192.168.1.1 yadda kake gani. Gurabe 32 take gani a jere, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya, shi ake kira bit. Don sauƙin mutane aka yanka su gida huɗu, takwas-takwas, aka rubuta kowane kashi da lambar da muka saba. Gurbi takwas ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, shi ya sa in wani ya karanto maka adireshi mai 300 a ciki, ka ce ya sake dubawa. Gurabe 32 ɗin nan jimillar adireshi 4,294,967,296 suke bayarwa, in aka cire waɗanda aka keɓe don wasu ayyuka, kamar duk mai farawa da 127 da duk mai farawa daga 224 zuwa sama, abin da ya rage kimanin biliyan 3.7 ne. A lokacin da jami'o'i da cibiyoyin binciken soja kaɗai ke kan layi, wannan ya isa har ya yi yawa.

Kowane adireshi kashi biyu ne: gaba na nuna wace cibiya ce, wato rukunin na'urorin da ke haɗe da juna a wuri ɗaya, baya na nuna wace na'ura ce a cikin cibiyar. Inda iyakar take shi ne abin da lambar bayan karkatacciyar sanda ke faɗi. In ka ga 192.168.1.0/24, ana nufin gurabe 24 na farko na cibiya ne, takwas da suka rage na na'urori, wato adireshi 256. Na farko sunan cibiyar ne, na ƙarshe na yin shela ga kowa ne, saura 254 za ka iya rabawa. Wannan 255.255.255.0 da kake gani a saitin rauta shi ne dai /24 a wata siga. Duk sanda lambar ta ragu da ɗaya, rukunin ya ninka: /23 adireshi 512, /22 kuma 1,024, /16 ya kai 65,536, /8 kuwa 16,777,216.

Da farko ba a yarda a yanka a ko'ina ba. Aji uku ne kawai: A mai miliyan 16 da ɗoriya, B mai 65,536, C mai 256. Ka ga matsalar da idonka. Makarantar da ke da kwamfuta 2,000 ajin C ya yi mata kaɗan, sai a ba ta B, sauran dubu sittin da wani abu su zauna a banza. Waɗanda suka zo da wuri kuwa suka kwashi ajin A sukutum: kamfanin Apple na riƙe da duk mai farawa da 17, Ford na da 19, ma'aikatar tsaron Amurka na da irinsu da dama. A 1993 aka soke azuzuwan aka kawo tsarin CIDR, wanda ya ba da damar a yanka daidai buƙata. Ya rage asara, kuma ya sa kamfani mai abokan ciniki dubbai zai iya sanar da duniya rukuni ɗaya tak maimakon dubban ƙanana, manyan rautocin duniya su huta. Amma abin da aka riga aka bayar ya bayu. Kaɗan ne suka mayar, irin su jami'ar Stanford.

Su wa ke rabon? A sama akwai IANA, mai riƙe da rumbun lambobin duniya baki ɗaya, wadda Jon Postel ya riƙe shekaru har rasuwarsa a 1998, yanzu tana ƙarƙashin inuwar ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunaye da lambobin intanet. IANA ba ta hulɗa da ɗaiɗaikun mutane, hukumomin yanki biyar take ba manyan rukunai: RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya da Fasifik, ARIN ta Arewacin Amurka, LACNIC ta Latin Amurka, sai tamu AFRINIC, autarsu, wadda aka amince da ita a 2005, ofishinta na tsibirin Morishus. AFRINIC ke ba kamfanonin sadarwa da jami'o'i da bankuna, su kuma kamfanonin su raba wa irinmu. Ko kana Katsina ko ka tsallaka Jibiya ka shiga Maraɗi, rajista ɗaya ce. Mutane da yawa na zaton hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke wannan aiki. A'a, NCC lasisi da mitar sadarwa take bayarwa, NiRA kuma sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng take kula da su. Lambobi aikin AFRINIC ne.

Ranar 3 ga Fabrairu 2011 rumbun IANA ya ƙare. Manyan rukunai biyar na ƙarshe aka ba kowace hukuma ɗaya, rabon Afirka shi ne 102. Ka ga ke nan lambar da shafin ya nuna maka daga cikin kason ƙarshe ta fito. A rajistar IANA, manyan rukunan da ke ƙarƙashin AFRINIC shida ne: 41, 102, 105, 154, 196 da 197, ban da wasu gutsattsari nan da can. Ka haɗa shidan kaf, adireshi miliyan 100 ne da 'yan kai, na nahiya guda, alhali mutanen Najeriya kaɗai sun haura miliyan 200, da yawa kuma na riƙe da layi biyu ko uku. Asiya ta taɓo ƙasan tukunya a 2011, ARIN a 2015, RIPE NCC ta ƙare ƙaf a Nuwamba 2019. AFRINIC ta fara tsuke hannu a 2017, daga Janairu 2020 kuma ba ta ba kowa fiye da /22 a karo ɗaya. Abin ya zama haja: tun a 2011 Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe kan dala miliyan 7.5. Wannan daraja ce ta jawo wa AFRINIC shari'o'i a kotunan Morishus daga 2021, har kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023. Ni dai abin da ya fi ba ni takaici a wannan rigima shi ne ƙarfin da aka ɓata ana kokawa kan ragowar tsohon tsari, ga sabo nan a ajiye ba mai taɓawa.

To ta yaya intanet bai tsaya ba? A nan adireshinka na 192 ya shigo. A Fabrairu 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku ta ce kowa ya yi amfani da su a cikin gida ba sai ya nemi izini ba, da sharaɗin kada su fito fili: duk mai farawa da 10, daga 172.16 zuwa 172.31, da duk mai farawa da 192.168. Masu ƙera rauta yawanci sun zaɓi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu MiFi kuma 192.168.8.1, shi ya sa naka da na maƙwabcinka suka zo ɗaya. Ba kuskure ba ne, ba kuma satar layi ba ce. Miliyoyin gidaje a duniya na amfani da wannan lamba a daidai wannan lokaci.

Abin da ke haɗa ciki da waje shi ake kira NAT. Ka ɗauki babban gida irin na cikin gari, zaure ɗaya, sassa da yawa. A ciki kowa ya san ɗaki na ɗaya da ɗaki na biyu, gidan maƙwabta ma suna da nasu ɗaki na ɗaya ba tare da rigima ba. Mutumin waje zaure kawai ya sani. In wani daga ciki ya aiki yaro kasuwa, yaron ya san wanda ya aike shi, da ya dawo ɗakin zai nufa. Amma baƙon da ya zo ba a aika masa ba, a zaure zai tsaya. Rauta haka take yi. Duk saƙon da ya fita, sai ta cire adireshin ciki ta maƙala nata na waje, ta ba shi lambar ƙofa daga cikin lambobi 65,536 da ake da su, ta rubuta a jadawalinta. In amsa ta dawo ta wannan ƙofa, ta san mai ita. Shi ya sa WhatsApp da Facebook ke aiki lafiya, don kai ka fara magana. Kallon kyamara daga gida kuwa baƙo ne ya zo daga waje, babu shi a jadawali.

Maganin da aka saba shi ne a shiga saitin rauta a ce duk wanda ya zo ta ƙofa kaza a miƙa shi ga 192.168.1.50. Ina jin yaron naka ya gwada wannan ya ga bai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Kamfanonin waya ba su da adireshin waje da zai ishi kowane layi, saboda haka su ma suka kafa nasu NAT ɗin a sama da naka, ana kiransa CGNAT. A Afrilu 2012 takardar RFC 6598 ta ware musu rukunin 100.64.0.0/10 musamman don wannan, wato daga 100.64 zuwa 100.127, wasu kuma na amfani da mai farawa da 10. Zaure ya zama biyu ke nan: na ciki mabuɗinsa na hannunka, na bakin titi na hannun kamfani, kuma ba za su buɗe maka ƙofa kai kaɗai ba don jama'a da yawa ke bi ta nan.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Ka shiga rautarka ta 192.168.1.1, ka nemi inda aka rubuta WAN, ka karanta adireshin da ke wurin, ka kwatanta da wanda shafin nan ya nuna maka. In sun zo ɗaya, kana da adireshin waje, buɗe ƙofa zai yi aiki. In na rauta ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, alhali shafi na cewa 102, to kana bayan CGNAT, kuma ka daina biyan kowa kuɗin saiti. Sunan DDNS da wasu ke tallatawa ma ba zai fitar da kai ba, don aikinsa bin adireshin waje mai sauyawa ne, kai kuwa ba ka da shi sam. Kada kuma ka ce za ka sayi Starlink don wannan kaɗai, su ma a tsarinsu na gida adireshin IPv4 ɗin bayan CGNAT yake. Wani abin lura tunda muna nan: in ka ga kwamfuta ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, ma'anarsa ta nemi rauta ta ba ta lamba ba ta samu amsa ba. Ka duba waya ko wutar rauta kafin ka kira kamfani.

Batun Legas mai sauƙi ne. Babu sunan gari a cikin adireshi. Shafukan nan hasashe suke daga rajistar AFRINIC, inda kamfani ya rubuta adireshin hedikwatarsa, da kuma inda zirga-zirgar ke fitowa fili. Wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da Equiano a Legas suke sauka, kamfanonin waya kuma kan tattara zirga-zirgar layukansu a manyan cibiyoyi kafin ta fita. Rabon adireshi da jama'a shi ke sa wani lokaci shafi ya tsare ka ya ce ka tabbatar kai mutum ne, don wani da kuke kan lamba ɗaya ya yi abin da ba a so. Shi ne kuma dalilin da ya sa lambar 102 ɗin nan ita kaɗai ba ta isa shaida a kan kowa ba, sai an haɗa da lokaci da lambar ƙofa da bayanan da kamfani ya ajiye.

Za ka iya samun naka kai tsaye daga AFRINIC? A ƙa'ida ƙungiya ko kamfani na iya zama memba, amma mafi ƙanƙantar abin da ake bayarwa /24 ne, domin manyan rautocin duniya ba sa karɓar sanarwar rukunin da ya gaza haka. Sai ka nuna hujjar buƙata, ka biya kuɗin shekara da dala, ka karɓi lambar cibiya da ake kira ASN, ka sami kamfanin da zai yarda ya yi BGP da kai don sanar da duniya hanyar zuwa wurinka. Ko bayan haka ba mallaka ba ce irin ta fili, izinin amfani ne bisa sharuɗɗa. Wannan aikin jami'a ne ko banki ko mai sayar da intanet. Mai shago ɗaya bai kamata ya sa kansa ba.

Abin da ya dace da kai ya fi haka araha. Yawancin na'urorin kyamara na yanzu suna da tsarin P2P, wanda za ka haska lambar QR da manhajar kamfanin. Na'urar ce ke fita ta yi rajista da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, wayarka ma ta fita, su haɗu a can, babu baƙon da ya tsaya a zaure. Yana aiki a bayan CGNAT, illarsa kawai ka dogara da sabar wasu a wata ƙasa, ranar da ta sami matsala kai ma ka samu. In ba ka son haka, ka tambayi kamfanin layinka tsarin 'yan kasuwa mai tsayayyen adireshin waje, a ofishinsu in ka ce public static IP za su gane, kuma kuɗin wata-wata ne. Masu sayar da intanet ta rediyo ko faiba sun fi saurin bayarwa kan layin SIM. Hanya ta uku ita ce VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, tsakanin shago da gida ta wata ƙaramar saba da za ka yi haya. In ita za ka bi, dole ka sauya rukunin ɗaya daga cikin wuraren, misali shago ya koma 192.168.20.0/24, don in duka biyun 192.168.1.0 ne wayarka za ta nemi kyamara a cikin falonka.

Duk waɗannan dabaru ne na zaman ƙarancin lamba. Gyaran gaskiya IPv6 ne, kuma ba sabon abu ba ne: an fara rubuta shi a 1995, aka sabunta a 1998, aka tabbatar da shi a RFC 8200 a 2017, manyan shafukan duniya kuma sun kunna shi dindindin tun 6 ga Yuni 2012. Gurabensa 128 ne, jimillar kuwa lamba ce mai alƙaluma 39 a jere. Ana rubuta shi kashi takwas da ɗigo biyu a tsakani, ana amfani da 0 zuwa 9 da a zuwa f, ana iya zubar da sifilin gaba, a kuma haɗiye jerin sifili da :: sau ɗaya tak. Misali 2001:db8:4a:1::25, wanda na ɗauko daga rukunin da aka ware don koyarwa. Tsarin rabonsa shi ya fi burge ni. An daina lissafin na'ura ɗaya-ɗaya, cibiya ake lissafawa. Kowace cibiya, ko ta kwamfuta biyu ce, /64 take samu, rabin guraben na cibiya, rabi na na'ura, kuma na'urar na iya ƙirƙirar nata rabin da kanta. Kamfani kan karɓi /32 ko fiye daga AFRINIC, ya ba gida /56 mai cibiya 256, ko ya ba ma'aikata /48 mai cibiya 65,536. Kason AFRINIC shi ne 2c00::/12, shi ya sa za ka ga na kamfanonin nahiyar nan da yawa na farawa da 2c0f. Ka duba bayanan Wi-Fi a wayarka: in fe80 kawai ka gani, wannan na cikin gida ne, kowace na'ura na da shi, ba ya fita. In ka ga mai farawa da 2, kamfaninka ya ba ka na waje.

A ƙasar nan har yanzu ya yi ƙaranci, kuma ba rashin lamba ba ne, AFRINIC na da su jibge. Kamfanoni sun riga sun zuba kuɗi a CGNAT, abokan ciniki ba sa tambaya, masu haɗa cibiya da yawa kuma abin da suka fara yi in sun buɗe sabuwar rauta shi ne kashe IPv6 don ba su saba da shi ba. Ina ganin wannan a ofisoshi da makarantu a garin nan, kuma ina roƙon matasanmu masu wannan sana'a su daina. Kai kuma Alhaji, in za ka sake sayen rauta ko na'urar kyamara, ka tambaya ko tana ɗaukar IPv6, ka kuma tambayi kamfaninka ko suna bayarwa. Sai dai ka sani dole ɓangarorin biyu su kasance da shi, layin shago da layin wayar da kake kallo da ita, in ba haka ba ba za su ji juna ba.

Duk hanyar da ta ba kyamararka adireshin waje, ko tsayayyen IPv4 ko IPv6, ta buɗe ta ga duniya ne ba gare ka kaɗai ba. Akwai na'urori da ke zagaye duk adireshin IPv4 dare da rana suna gwada ƙofofi. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin ajiyar hoto ta hanyar gwada kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba na shekarar. Kafin a buɗe komai, ka sa yaron ya sauya kalmar sirri a gabanka, kai ka shigar da ita da hannunka, ya kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, ya bar katangar tsaro a kunne, ya buɗe ƙofar da manhajar ke buƙata kaɗai.